Diátaxis da Takardun Bayanin API: Abin da Tsarin Ya Gyara da Abin da Ya Bari

A ce wata matashiya a Kano ta gina wa yayarta shafin sayar da atamfa a intanet, ta zo haɗa shi da kamfanin karɓar kuɗi. Turmi ɗaya naira 15,000 ne, don haka a gurbin da aka ce a sa adadin kuɗi sai ta rubuta 15000. Babu saƙon kuskure, komai ya tafi sumul. Mai saye na farko ya biya, aka cire masa naira 150, aka tura masa rasit har da godiya. Dalili kuwa, kamfanoni irin su Paystack da Stripe da ƙaramin rukunin kuɗi suke lissafi, wato kobo a naira, santi a dala. Mai son naira 15,000 sai ya rubuta 1500000. Sannan a jerin kuɗaɗen Stripe akwai waɗanda ba a ninka su da ɗari, kamar yen na Japan da sefa da ake kashewa a Nijar da Kamaru. Wanda hannunsa ya saba da ninkawa ya ninka a nan, ya caji mutum ninki ɗari.

Duk wannan yana rubuce a takardun kamfanonin, ba wanda ya ɓoye shi. Abin tambaya shi ne ko idon mai aiki zai faɗa kan layin kafin hannunsa ya yi ɓarna. Da wannan ma'aunin nake so mu auna wani tsarin rubuta takardun bayani da ya yi tashe a tsakanin masu gina manhaja, mai suna Diátaxis.

Mene ne API, mene ne takardunsa?

Ga wanda ba fanninsa ba, API ita ce tagar da wata manhaja ke buɗe wa wata domin su yi hulɗa. Ɗauke ta kamar tagar kashiya a banki. Ba ka shiga ɗakin ajiyar kuɗi, takarda kake cikewa ka miƙa, a miƙo maka amsa. Manhajar da ke nuna maka taswira ko hasashen yanayi a waya, ta irin wannan tagar take karɓo bayanai daga wani wuri. Takardun bayanin API su ne ke gaya wa mai rubuta manhaja yadda ake cike takardar: wane gurbi ne na me, me za a mayar masa, me zai faru in ya yi kuskure.

Masu bincike sun daɗe da gano cewa a nan gizo ke saƙa. A 2011 Martin Robillard na Jami'ar McGill a Kanada da Robert DeLine na Microsoft sun wallafa binciken da ya shafi ƙwararrun masu rubuta manhaja sama da 440 na kamfanin Microsoft, kan abin da ke hana su koyon sabuwar API. Daga cikin cikas mafiya tsanani da suka ambata akwai takardun bayanin kansu. Mutanen da wannan ce sana'arsu fa, kuma a kamfanin da ya ƙera kayan suke aiki.

Ɗakuna huɗu

Daniele Procida, ɗaya daga cikin masu kula da manhajar Django, shi ya tsara Diátaxis. Ya gabatar da tunanin a taron masu amfani da yaren Python a Ostareliya a 2017, daga baya ya ba shi wannan suna da ya aro daga tsohon harshen Girkanci, mai nufin jera abu a tsare. Kamfanin Canonical mai yin Ubuntu, inda Procida ya koma aiki, ya rungumi tsarin a takardunsa.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Abin da muke kira takardun bayani abu huɗu ne mabambanta, kuma yawancin rikicin daga cakuɗa su yake zuwa. Bari mu je shagon tela mu gani. Yaron da aka kai koyon ɗinki, ranar farko maigidansa zai zaunar da shi kan keke, ya ba shi ƙyalle, ya ce ɗinka min layi miƙaƙƙe. Ba a buƙatar layin, hannun yaron ake so ya faɗa. Wannan shi ne darasi. Tela da ya riga ya iya, aka kawo masa siket a sa zif ga mai shi tana jira, matakai yake so ɗaya bayan ɗaya. Wannan jagorar aiki ce. In yana son sanin lambar allurar da ta dace da shadda mai kauri, jadawali zai leƙa ya rufe. Wannan kundin dubawa ne. Ranar da ba aiki kuma yana iya zama ya ji dalilin da ya sa ake jiƙa wani yadin kafin a yanka shi. Wannan bayanin dalili ne.

Procida ya jera huɗun a kan tambayoyi biyu: shin mutumin koyo yake ko aiki yake, kuma abin yi yake nema ko abin sani? Kowace haɗuwar amsoshin tana ba da ɗaki ɗaya, kuma ka'idar ita ce kada kayan wani ɗaki su shiga wani.

Inda ya yi gaskiya

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin da aka rubuta wa "fara daga nan", ya tarar da sakin layi shida na tarihin aikin kafin umarni na farko, ya san ciwon da Diátaxis ke magani. Haka ma akasinsa. Tun littafin jagorar Unix na 1971 da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta, masu manhaja suka gaji salon jero kowane umarni da duk zaɓuɓɓukansa. Kundin dubawa ne nagari, har yau ana amfani da shi. Amma wanda ke son ya kwance fayil ɗin da aka dunƙule da umarnin tar, sai ya ratsa zaɓuɓɓuka fiye da ɗari kafin ya haɗa haruffa uku ko huɗu da yake bukata. Shi ya sa a 2013 wasu suka fara aikin tldr, wanda ke ba kowane umarni 'yan misalai kaɗan na ayyukan da aka fi yi. Da harshen Diátaxis, jagorar aiki ce ta ɓace, mutane suka gaji da jira suka rubuta abinsu.

Tsarin ya kuma tona asirin wata yaudara da ta zama ruwan dare. Akwai kayan aiki irin su Javadoc da Swagger da ke zaro takardu kai tsaye daga cikin kod. Ka danna maɓalli, shafuka ɗari su fito tsaf, manaja ya duba ya ce an gama takardu. Wanda ya san Diátaxis zai ce masa ɗaki ɗaya aka cika cikin huɗu. Na'ura tana iya gaya maka cewa gurbin kuɗi lamba yake karɓa. Cewa lambar kobo ce, sai mutum ya zauna ya rubuta.

Wannan ba ƙaramar gudummawa ba ce. Marubuci ya samu tambayar da zai yi wa kansa kafin ya ɗora hannu kan kibod: wa ke karanta wannan shafi, kuma a wane hali yake? Abokan aiki kuma sun samu kalmomin da za su yi gardama da su a maimakon "ni dai bai yi min ba".

Gwaji na farko: labarin curl

To, yanzu mu sa tsarin a gaban wani abu da ya faru da gaske. Akwai wata manhaja mai suna curl, ta Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin, wadda tun 1998 ake amfani da ita wajen aikawa da karɓar bayanai ta intanet. Tana cikin wayoyi da motoci da talabijin bila adadin. Idan manhajarka za ta yi magana da sabar banki a asirce, dole ta duba abu biyu a takardar shaidar da sabar ta nuna: cewa takardar ta gaske ce, da kuma cewa sunan da ke kanta na wanda kake nema ne. Kamar mai gadi ne da zai duba ko katin shaida ba jabu ba ne, sannan ya duba ko na mutumin da ke tsaye gabansa ne.

A curl, binciken farko ana kunna shi da 1, a kashe da 0. Na biyun, mai suna CURLOPT_SSL_VERIFYHOST, lambobi uku yake karɓa a wancan lokaci. 0 kashewa ne, 2 shi ne cikakken bincike, 1 kuwa yana duba ko akwai suna a takardar ne kawai, ba ruwansa da ko sunan wane ne. Mai rubuta manhaja ya ga zaɓi biyu masu kama da juna, ya kunna na farko da kalmar true, ya kunna na biyu da true. A yaren PHP true tana komawa 1. Yana ganin ya ƙara tsaro, alhali ya sallami mai gadi ne.

A 2012 masu bincike daga Jami'ar Texas da ke Austin da Jami'ar Stanford, ciki har da Martin Georgiev da Dan Boneh da Vitaly Shmatikov, sun nuna cewa wannan kuskure yana cikin kod ɗin biyan kuɗi da Amazon da PayPal suka raba wa 'yan kasuwa. Ma'ana, wanda ya iya shiga tsakanin shago da kamfanin kuɗi zai iya yin shigar burtu da takardar shaidar wani shafi daban, a karɓe shi hannu biyu.

Abin lura, takardun curl ba su yi ƙarya ba. Ma'anar 0 da 1 da 2 tana rubuce a kundin dubawa, a ɗakin da Diátaxis zai ce a ajiye ta. Da za a sake jera takardun gaba ɗaya bisa ɗakuna huɗu, layin nan yana nan inda yake, mai sauri kuma ba zai buɗe shi ba, domin a ransa ya riga ya san amsar. Abin da ya toshe ramin shi ne canza manhajar kanta. Daga sigar 7.28.1, a ƙarshen 2012, curl ta daina karɓar 1, tana mayar da kuskure. Daga sigar 7.66.0 a 2019 kuma ta ɗauki 1 daidai da 2. Wato wani ciwon da ake kai wa marubucin takardu, maginin API ne ke da maganinsa. Idan ka ga kana rubuta gargaɗi da manyan haruffa a kan zaɓi guda, ka koma ka tambayi wanda ya ƙera zaɓin me ya sa hanyar da ta fi kama da daidai ita ce mai rami.

Gwaji na biyu: mai karatu ba ta ƙofa yake shigowa ba

Hoton ɗakuna huɗu yana sa mutum ya ɗauka mai karatu zai tsaya a zaure ya zaɓi ɗakin da ya dace da shi. Ba haka ake yi ba. Tun shekarun 1980 John Carroll da abokan aikinsa a IBM suka zauna suna kallon mutane na koyon kwamfuta, suka ga ba sa bin littafi daga farko. Tsalle suke yi su fara aiki, sai sun maƙale su waiwayi rubutu. Yau kuwa saƙon kuskure mutum zai kwafa ya liƙa a Google, ya faɗo tsakiyar wani shafi, ya nemi akwatin kod, ya kwafa, ya tafi. Idan shafin hukuma bai ba shi abin kwafa ba, Stack Overflow za ta ba shi.

Wannan yana da farashi, kuma an auna shi. A 2016 Yasemin Acar da abokan aikinta sun ba masu rubuta manhajar Android 54 ayyukan da suka shafi tsaro, suka kasa su rukuni-rukuni bisa inda aka yarda su nemi taimako. Waɗanda aka taƙaita ga Stack Overflow sun fi samar da kod mai aiki, amma tsaronsa ya fi rauni. Waɗanda aka taƙaita ga takardun hukuma na Android kod ɗinsu ya fi tsaro, sai dai sun fi kasa kammala aikin. A 2017 Felix Fischer da tawagarsa suka binciki manhajojin Android miliyan 1.3, suka tarar kashi 15.4 cikin ɗari na ɗauke da guntayen kod na tsaro da aka kwaso daga Stack Overflow, kuma kashi 97.9 cikin ɗari na waɗannan suna da aƙalla guntu ɗaya maras tsaro.

Kun ga ke nan, takardar hukuma mai wahalar amfani tana tura mutane ne wurin da amsa ke da sauƙi amma ba tabbas. A nan Diátaxis yana taimakawa ta gefe guda, tunda yana matsa wa marubuta su samar da jagororin aiki, kuma su ne abin da mutane ke zuwa nema a waje. Ta ɗaya gefen kuma, ka'idar tsabtace ɗakuna tana da haɗari a hannun mai tsattsauran bi. A yi adalci, Procida ya yarda a sa misali da gargaɗi a kundin dubawa. Amma ruhin tsarin shi ne cire duk abin da ba na ɗakin ba a bar mahaɗi zuwa wani shafi, mai sauri kuwa ba ya danna mahaɗi. Batun kobo ya kamata ya fito a darasi, ya fito a jagora, ya fito a kundi, ya kuma fito a cikin misalin kod ɗin kansa, kusa da lambar, inda ba yadda za a kwafa ba tare da shi ba. Maimaici ne, kuma wanda ke son gida tsaf zai ji ya dame shi. Naira 14,850 na yayar matashiyar nan ta fi tsabtar shafi muhimmanci.

Gwaji na uku: takarda tana tsufa

A 2015 Gias Uddin da Robillard sun tambayi ƙwararrun masu rubuta manhaja 323 irin matsalolin takardun API da suka fi cutar da su. Uku da suka fi tsanani su ne bayani mai harshen damo, bayani da bai cika ba, da bayani na kuskure. Dukkansu matsalolin abin da ke ciki ne. Matsalolin jeri da fasali sun zo a baya.

Procida bai musa wannan ba. Ya rubuta da kansa cewa tsarinsa ba ya samar da daidaito ko cikar bayani, sai dai ya sa giɓin ya fito fili. Ya kuma hana mutane buɗe ɗakuna huɗu wayam su ce sun bi tsari. Gaskiya ya faɗa, sai dai hoton murabba'i huɗun ya fi gargaɗin saurin yaɗuwa. Jeri aiki ne da ake gani da ido, ana iya nuna shi a taro. Tabbatar da cewa misalin da aka rubuta shekara uku da suka wuce yana aiki da sigar yau, aiki ne da ba mai tafa maka, shi ya sa ake barinsa.

Maganin wannan daga wani wuri ya zo. Yaren Python yana da doctest tun 2001, wanda ke ɗaukar misalan da ke cikin bayani ya gudanar da su, ya yi ƙara in sakamakon ya saɓa wa abin da aka rubuta. Yaren Rust ya mayar da wannan al'ada: misalan da ke cikin takardu ana gwada su tare da sauran gwaje-gwajen manhaja. Misalin da ya ruɓe yana fasa gwaji a gaban maginin, tun kafin ya ɓata wa baƙo rana.

Wanda Turanci ba harshensa ba

Saura abu ɗaya da ya shafi yawancin masu karanta wannan shafi. Kusan duk manyan takardun API da Turanci ake rubuta su. Philip Guo na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya wallafa bincike a 2018 daga amsoshi 840 na masu koyon rubuta manhaja a ƙasashe 86. Waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne sun nemi Turanci mai sauƙi da ba karin maganar wata al'ada a ciki, da ƙarin zane, da ƙarin misalan kod. Ɗalibi a Zariya ko Damagaram yana iya shiga ɗakin da ya dace da shi daidai, ya tarar da barkwancin da sai wanda ya tashi a Amurka zai gane. A irin wannan hali misalin kod ne harshen da ya rage tsakaninsa da marubucin, kuma shi zai kwafa harafi da harafi. Wannan ma wani dalili ne na cewa misali shi ne wurin da ya fi cancantar kulawa a duk takardar.

Hukunci

Ina ba duk mai rubuta takardun API shawarar ya karanta Diátaxis, kyauta yake a intanet kuma yini ɗaya ya isa. Zai gyara masa tunani a kan wa yake yi wa rubutu. Sai dai kada ya ɗauka ya gama in ɗakunan sun jeru. Ya sa na'ura ta riƙa gwada kowane misali. Ya maimaita gargaɗin da ya shafi kuɗi ko tsaro a duk inda hannu zai iya kwafa. In gargaɗi ya yi yawa a kan zaɓi ɗaya, ya kai ƙara wurin maginin.

Sannan ya yi gwajin da ba ya cin ko kobo. Ya samo wanda bai taɓa ganin API ɗin ba, ya ba shi aiki na gaske, misali ya karɓi naira 15,000 daga katin gwaji, ya zauna a gefensa ya kama bakinsa. Ya lura da shafin da mutumin ya fara buɗewa, da layin da ya tsallake, da lokacin da ya bar shafin ya tafi Google. Idan a ƙarshe naira 150 ta shigo, kada a ce da shi ai yana rubuce. A ɗauki biro a yi alama a wurin da idonsa ya wuce, gobe a gyara nan.